Ƙwaron Tafki: Saɓa Goma Sha Ɗaya da Tarihin Kurkunu

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 ya san kurkunu, ko da bai taɓa kwanciya da shi ba. An san ƙurjin da ke tasowa a idon sawu yana raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. An san farin zaren da ke leƙowa daga bakin gyambo, da yadda ake naɗe shi a jikin tsinke, yau gaɓar yatsa gobe gaɓar yatsa, har wata guda ko biyu, ana lallaɓawa don kada ya tsinke a cikin tsoka. Abin da mafi yawan mutane ba su taɓa lura da shi ba shi ne halittar da ke ɗauko wannan tsutsa ta kai ta cikin mutum. Ba don tana ɓuya ba. Idan aka ɗebo ruwan tafki a kwalba mai haske aka ɗaga ta wajen rana, mai kaifin ido zai hangi wasu fararen ɗigo-ɗigo suna zabura suna tsayawa, suna sake zabura kamar ƙuma. Babba a cikinsu bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Wannan shi ne ƙwaron tafki, kuma yadda yake girma daga ƙwai zuwa balaga shi ya tsara lokacin da kurkunu ke kama mutane, shi ne kuma ya nuna inda za a datse cutar.

Kiransa ƙwaro ma sakin baki ne. Ba dangin fara ko sauro ba ne. Ɗan'uwan ƙaguwa ne da jatan lande, wato halittun ruwa masu ɓawo a waje da gaɓoɓi masu mahaɗa. Masana suna kiran rukuninsa kofifod, kalmar Girkanci da ke nufin mai ƙafar filafilin kwalekwale, domin da ƙafafunsa yake tuƙa kansa. Jinsin da ya fi suna a cikinsu shi ne Cyclops, sunan wani ƙaton dodo mai ido ɗaya a tsakiyar goshi a tatsuniyoyin Girkawa. Ƙwaron kuwa da gaske ido ɗaya gare shi, ɗan ja ko baƙi, a tsakiyar kai. A ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu siffarsa kamar ɗigon ruwa ce, gaba da kauri baya da sirantaka, da dogayen ƙahoni biyu na ji da jela mai baki biyu. Ruwa mai gudu ba ya yi masa daɗi. Tafki, kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gurbin da rafi ya bari bayan ya janye, rijiya mai faɗin baki da ake sauka cikinta da ƙafa: nan ne gidansa.

Halitta mai ɓawo a waje tana da wata matsala da ɗan Adam ba shi da ita. Yaro yana girma kullum, ƙashinsa da fatarsa suna ƙaruwa tare, har uwarsa ba ta ankara sai riga ta yi masa kaɗan. Ɓawon ƙwaron tafki kuwa ba ya miƙewa. Idan jikin da ke ciki ya cika shi, dole a fasa a fito. Sai ƙwaron ya gina sabon ɓawo mai laushi a ƙarƙashin tsohon, ya tsaga tsohon ya zame daga ciki, ya zuƙi ruwa ya kumbura kafin sabon ya yi tauri. Saɓa ke nan, irin ta maciji, sai dai ta fi ta maciji zurfi, domin har ɓawon kowace ƙafa da kowane gashi sai an tuɓe. Saboda haka girmansa hawa-hawa ne kamar matakalar bene: ya zauna a tsayi ɗaya, ya yi saɓa, ya wayi gari a wani tsayin. Kuma matakalar ƙidayayya ce. Daga ƙyanƙyasa zuwa balaga saɓa goma sha ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi, da zarar ya balaga kuma ya gama saɓa ke nan har mutuwa. Wannan ya sa masani zai iya duban ƙwaro guda a madubi ya ƙirga gaɓoɓinsa ya faɗi matakin da yake, yadda Bafulatani ke duban haƙoran sa ya faɗi shekarunsa.

Uwar tana yawo da ƙwayayenta a cikin jakunkuna biyu da ke rataye a kwiɓinta, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar mangalar jaki. A ruwan ɗumi irin na tafkunan Afirka ta Yamma, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sun ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa daga ƙwan bai yi kama da uwarsa ko kusa ba. Ɗan dunƙule ne wanda tsawonsa ke kusa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ba jela, ba rabe-raben jiki, sai ido ɗaya da gaɓoɓi shida, uku a kowane gefe. Da waɗannan gaɓoɓi yake iyo, da su kuma yake janyo abinci. Su ne daga baya za su zama ƙahoninsa da muƙamuƙinsa. Ana kiran wannan jinjiri nofiliyus. Sunan kansa tuntuɓe ne na wani babban masani. Otto Friedrich Müller, ɗan ƙasar Danmak, ya ga waɗannan jinjirai a ruwa ya ɗauka wani jinsi ne mai zaman kansa, ya raɗa musu suna a littafinsa na shekarar 1785. Sai daga baya aka gane 'ya'yan Cyclops ne, wanda shi ma Müller ɗin ne ya raɗa wa suna. Babu laifin a yi masa uzuri. Wanda bai taɓa ganin yadda ɗan kwaɗo ke rikiɗa ba, ba zai yarda wannan mai jelar da ke ninƙaya shi ne zai cika dare da kuka ba. Sunan dai ya zauna, har ya zama babbar alamar dangin gaba ɗaya, domin jatan lande na teku da yawa ma ta wannan siffa suke fara rayuwa.

Jinjirin yana wuce matakai shida a wannan kama, kowace saɓa tana ƙara masa ɗan tsawo da ɓurɓushin gaɓoɓin da za su zo. Saɓa ta shida ce babbar rikiɗa. Abin da ya shiga cikinta dunƙulalle yakan fito da jiki mai rabe-rabe, da jela, da ƙafafun iyo guda huɗu. Yanzu kowa ya gan shi ya san ɗan gidan su wane ne. Daga nan sai matakai biyar na ƙuruciya, ana ƙara masa gaɓar jiki da ƙafafu sannu a hankali, har wajen mataki na huɗu ko na biyar a fara bambance namiji da mace. Saɓa ta goma sha ɗaya ta kai shi balaga. Namijin ya fi ƙanƙanta, ƙahoninsa kuma sun lanƙwashe kamar ƙugiya don riƙe macen. Yakan manna mata ɗan ƙunshin maniyyi, ita kuma ta adana, ta riƙa fitar da jakar ƙwai bayan jaka daga wannan haɗuwa guda. Tsawon tafiyar duka ya danganta da zafin ruwa da yawan abinci. A ƙasashen sanyi tana iya ɗaukar watanni. A tafkin da rana ta gasa, mako ɗaya zuwa uku ya isa.

Wurin da ya kamata a tsaya a nan shi ne abinci, domin ba jiki kaɗai ke sauyawa ba. Jinjiri ɗan lallaɓa ne: ƙwayoyin gansakuka da ƙananan halittun da suka fi shi ƙanƙanta yake tsinta. Amma a jinsuna da yawa, yayin da ƙwaron ya kai matakan ƙarshe na ƙuruciya, bakinsa ya yi ƙarfi, sai ya koma mafarauci. Yakan cafke duk wani abu mai motsi da ya fi ƙarfinsa: ƙananan halittun ruwa, sababbin tsutsotsin sauro, har jinjiran jinsinsa ba ya ƙyalewa. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san manyansa na iya far wa 'ya'yan kifi na kwana ɗaya ko biyu. Ba ya farauta da ido, don idon nan ɗaya haske da duhu kawai yake rarrabewa. Girgizar ruwa yake ji da gashin ƙahoninsa. Duk abin da ya yi wutsil-wutsil kusa da shi, abinci ne.

Ta wannan ƙofa kurkunu ya shigo. Macen kurkunu da ta balaga a jikin mutum, wadda tsawonta kan kai kusan mita guda, jakar 'ya'ya ce tun daga kai har wutsiya. Raɗaɗin ƙurjin da take tayarwa shi ke kora majinyaci ya tsoma ƙafarsa a ruwa don ya ji sanyi, tana jin ruwan kuwa sai ta feso wani farin ruwa mai kama da madara, cike da dubban ɗaruruwan 'yan tsutsotsi. Kowace ɗaya tsawonta ya ɗan haura rabin milimita, da doguwar wutsiya da take kaɗawa ba hutu. Kwanakinta a ruwa ƙalilan ne. In ba a haɗiye ta ba ta mutu. Kuma a wannan mataki ko mutum ya sha ta babu abin da zai same shi. Sai ƙwaron tafki ya ji motsinta ya haɗiye ta tukuna. Jinjirin ƙwaro ba zai iya ba, don tsutsar ta ninka shi tsawo sau da yawa. Aikin manya ne da waɗanda suka kusa balaga. Tana shiga cikinsa sai ta huda hanjinsa ta koma cikin kogon jikinsa ta nannaɗe. A can ita ma take yin tata saɓar, sau biyu, cikin kwana goma zuwa goma sha huɗu idan ruwan na da ɗumi. Halitta biyu ke nan masu girma ta hanyar saɓa, ɗaya a cikin ɗaya. Bayan saɓa ta biyu ne kawai tsutsar ke zama mai iya kama mutum. Wanda ya sha ruwan a lokacin, ruwan cikinsa mai tsami zai kashe ƙwaron ya narkar da shi, tsutsar kuwa ta kuɓuta ta huda hanjinsa. Bayan wajen wata uku maza da mata su haɗu, mazan su mutu, matan su ci gaba da girma suna gangarawa ƙasa a ƙarƙashin fata. Wata goma zuwa goma sha huɗu bayan wancan kurɓi na ruwa, ƙurji ya taso.

Wannan tazara ta shekara guda ita ta ɓoye gaskiyar lamarin tsawon ƙarnoni. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma wa zai tuna ruwan da ya sha bara a bakin gona, ya ɗora masa laifin ciwon bana? Ba mamaki da a wurare da dama na Afirka ta Yamma aka ɗauki kurkunu a matsayin wata jijiya da ke kwance a jikin kowa, wadda takan tashi idan lokacinta ya yi. Likitocin Larabawa na da ma jijiyar Madina suke kiransa, kuma da wannan suna Ibn Sina ya yi bayaninsa; har yau sunan tsutsar na kimiyya yana ɗauke da sunan Madina. Bukhara, garin da aka jingina wa Imamu Bukhari, ta yi fama da cutar saboda manyan tafkunan cikin gari da kowa ke ɗiba. A wannan yanki na Turkistan ne wani matashin masani ɗan Rasha, Aleksei Fedchenko, ya gano wajen shekarar 1870 cewa 'yan tsutsotsin suna shiga cikin Cyclops suna girma a can. A 1905 Robert Leiper, likita ɗan Birtaniya, ya yi aiki a birnin Akra, inda ya nuna cewa ruwa mai tsami irin na cikin mutum yana kashe ƙwaron amma yana zaburar da tsutsar ta fito. Ya kuma ba biri ƙwarin da suka kamu, bayan watanni ya tarar da kurkunu a jikinsa. Aikin da ya fi kusa da gida shi ne na Sanya Onabamiro, masanin dabbobi ɗan Nijeriya, wanda a farkon shekarun 1950 ya bi tafkunan ƙauyukan kudu maso yamma yana tantance jinsunan ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, har ya nuna cewa wani mai suna Thermocyclops nigerianus ne babban mai yaɗa cutar a ƙauyen da ya nazarta. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya kawo suna, ƙirgar gashin ƙafar abin da ido ba ya gani sosai. Amma ba kowane jinsi ke ɗaukar tsutsar daidai da wani ba, kuma sai an san wanne ne, yaushe yake yawa, sannan a san da wa ake faɗa.

Akwai tambayar da duk wanda ya san tafkunan Sahel zai yi. Zuwa watan Maris yawancinsu sun ƙafe, lakarsu ta tsattsage, awaki na yawo a tsakiya. To daga ina ƙwarin ke dawowa kwanaki kaɗan bayan ruwan farko? Ba daga ko'ina ba. Suna nan a cikin lakar. Dangin Cyclops da yawa, idan suka ji ruwa na janyewa, sukan tsayar da girmansu a mataki na huɗu ko na biyar na ƙuruciya, su nutse cikin taɓo, su rage numfashi da motsi har su zama kamar matattu. Ruwa na dawowa su farka, saura saɓa ɗaya ko biyu kacal su balaga. Dabarar a nan ita ce ba daga ƙwai suke farawa ba. Sun riga sun yi nisa a matakala, don haka tafkin da ya cika a farkon damina ba ya daɗewa kafin ya samu manyan ƙwari masu farauta, waɗanda su ne kurkunu ke buƙata. Wasu danginsu kuwa ƙwai masu tauri suke bari a laka. A wani tafki a jihar Rhode Island ta Amurka, Nelson Hairston da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1995 cewa sun haƙo irin waɗannan ƙwai daga lakar da ta shekara fiye da 300, suka kuma ƙyanƙyashe.

Maƙwabcinsa a tafki, wanda ake kira Moina, ya bi wata hanya dabam, kuma yana da kyau a san shi don kada a haɗa su. Shi ba ya yin matakin jinjiri a ruwa. Uwar tana goya ƙwayayenta a cikin wani aljihu a bayanta, 'ya'yan su fito da cikakkiyar siffarta, kuma muddin ruwa na da albarka mata zalla ake haifa, ba tare da namiji ba. Sai tafki ya fara ƙafewa ko ya cunkushe sannan maza su bayyana, a yi ƙwai masu ɓawo da za su jure rani. Moina tace gansakuka yake yi, ba farauta ba, shi ya sa ba ruwansa da kurkunu. Shi ne ma wasu masu kiwon tarwaɗa ke renonsa a kwatami don ciyar da sababbin 'ya'yan kifi maimakon abincin da ake shigowa da shi da tsada.

Daga wannan kalanda ta tafki ake fahimtar dalilin da ya sa kurkunu ke da lokacinsa. A kudu, inda ruwa ya wadata, cutar ta fi tsanani da rani, lokacin da rafuka suka tsaya suka zama gurabu, ƙwarin suka taru a ɗan ruwan da ya rage. A arewa, daga ƙasar Sakkwato da Katsina zuwa Damagaram, abin ya juye: da rani ana shan rijiya, da damina kuwa tafkuna sun cika kusa da gonaki, manomi mai ƙishi ba zai koma gari neman ruwa ba. Ya sha a watan Yuli, tsutsar ta fito a Yulin baɗi, daidai lokacin noma da maimai, ya sake shiga wannan tafki da gyambonsa. Zagayen ya rufe ba tare da ɓata ko mako ba. Gida guda kan kwantar da majiya ƙarfi biyu ko uku a tsakiyar damina, ciyawa ta cinye gero. Dogon na ƙasar Mali cutar rumbun da ba kowa a ciki suke kiranta. Ba ta cika kisa ba, shi ya sa ta daɗe ba ta dami masu mulki a birane ba.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ɗauki jagorancin yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa duk shekara a Afirka da Asiya. Binciken ƙauye-ƙauye da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ya ƙirga fiye da mutum 650,000, adadin da ya sa ta a sahun gaba a duniya. Gana ta ƙirga kusan 180,000 a 1989. Babu maganin da ke kashe tsutsar a jikin mutum, babu allurar rigakafi, kuma wanda ya warke bana yana iya sake kamuwa baɗi. Duk makaman da aka saba yaƙar annoba da su babu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne ilimin matakan girman ƙwaron da na tsutsar da ke cikinsa.

Ƙyallen tace ruwa shi ne misali mafi bayyana. Da an ce sai an tace kowane ƙwaro har da jinjirai, da sai an yi ƙyalle mai matsatsin ido wanda ruwan tafki mai laka zai toshe nan take, matar da ke da tulu biyar a gabanta ta jefar da shi. Amma tunda jinjiri ba ya ɗauke da tsutsa, babu buƙatar kama shi. Idon ƙyallen na nailan da aka rarraba bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ba: ya isa ya tare manya da matasan ƙwari, ya bar ruwa ya wuce da sauri. Aikin masu sa-kai na ƙauye shi ne su koyar da yadda ake ɗaure shi a bakin tulu, a wanke shi ta baya don kada a mayar da abin da aka tace cikin ruwan sha, a kuma duba ko ya huje, domin huji kamar na allura babbar ƙofa ce ga abin da bai kai ƙwayar gero ba. Makiyaya da matafiya, waɗanda ba sa yawo da tulu, an yi musu ɗan bututu mai rariya a baki da ake ratayawa a wuya, a zuƙi ruwa ta cikinsa. Miliyoyinsa aka raba a Sudan. Maganin feshi mai suna Abate, wanda ke kashe ƙwarin ba tare da cutar da mutum ba a gwargwadon miligiram ɗaya a kowace lita, ana sake zuba shi duk mako huɗu, saboda tafki ba ya daɗewa kafin sababbin ƙwari su taso su balaga. Kwanaki goma zuwa sha huɗun nan da tsutsa ke buƙata a cikin ƙwaro su ma sun zama wa'adi: idan aka ji majinyaci ya shiga tafki, akwai sauran dama muddin aka kai magani kafin saɓa ta biyu. Saura kuma aikin lallashi ne, a shawo kan mai ciwo ya haƙura da sanyin tafki, a shawo kan dattawan da ke ganin tafkin kakanni ba ya cuta. A nan ne Janar Yakubu Gowon ya ba da gudummawa tun daga ƙarshen shekarun 1990, yana shiga ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi.

Nijeriya ta ga majinyacinta na ƙarshe a Nuwamban 2008, a jihar Inugu, Nijar ma a wannan shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kuɓutar ƙasashen biyu a Disamban 2013, ta Gana kuma a 2015. A 2022 mutum 13 aka samu da cutar a duk duniya, a 2023 kuma 14. Akwai abin lura a yadda ake ba da labarin wannan nasara. Ƙyallen ya yi aikinsa, amma ƙyalle shaida ce cewa har yanzu daga tafki ake sha. Ƙauyuka da dama da suka rabu da kurkunu ba su rabu da ruwan da ya kawo shi ba, kuma idon da ya tare ƙwaro ba ya tare ƙwayar cutar taifot. Haka nan ba ƙwaron aka kawar ba, kuma bai kamata a so hakan ba. Shi ne abincin farko na kifayen tafki da yawa. A ƙauyukan arewacin Biyetnam ma da gangan aka riƙa zuba ɗan'uwansa Mesocyclops a manyan randunan ruwa tun daga shekarun 1990, don ya cinye tsutsotsin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi. Halin farautar da ya sa shi haɗiye kurkunu shi ne ya sa shi amfani a can. Sai dai a ƙasar da kurkunu bai ƙare ba, babu mai hankalin da zai zuba shi a randa.

Inda lissafin ya rikice shi ne Cadi. Ƙasar ta shafe wajen shekara goma ba a ba da rahoton kowa ba, sai ga cutar ta sake ɓulla a 2010, kuma da wani salo baƙo: mutum ɗaya nan, ɗaya can, a ƙauyukan masunta na gaɓar kogin Shari, ba gungun masu shan tafki guda ba. A 2012 aka fara lura da karnuka masu gyambo da farin zare a ƙafa. Bincike ya tabbatar tsutsar iri ɗaya ce da ta mutane, kuma zuwa 2019 karnukan da suka kamu a Cadi sun kusa 2,000, sun ninka mutane nesa ba kusa ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yana komawa ga matsayin ƙwaron a tafki: shi ma abin ci ne. Ƙananan kifaye da 'ya'yan kwaɗi suna haɗiye shi da tsutsar a cikinsa. Idan ruwan ambaliya ya janye masunta suka kwashe kifi a gurabu, sukan feɗe su watsar da kayan ciki, kare ya lashe ɗanye, tsutsar da ke cikin hanjin kifin ko naman kwaɗo ta samu sabon masauki. Bayan shekara kare ya shiga ruwa da gyambonsa, kuma kare ba a koya masa tace ruwa. Matsalar ta tsallaka zuwa ƙauyukan Kamaru da ke bakin iyaka, ƙasar da aka riga aka tabbatar ta kuɓuta tun 2007. An kuma samu dabbobi masu cutar a Mali da Angola, har da gwaggon biri a Habasha. Saboda haka a gaɓar Shari yanzu ana binne kayan cikin kifi a rami, ana ɗaure karnuka tsawon watannin da tsutsar ke fitowa tun kafin a ga ƙurji, ana ba da ladan kuɗi ga wanda ya kai rahoton kare mai gyambo, ma'aikata kuma suna auna faɗi da zurfin kowane gurbin ruwa don lissafa yawan Abate da za a zuba, su dawo bayan kwana 28 su sake aunawa, domin kafin nan ruwan ya ragu kuma wasu ƙwarin sun kai saɓa ta goma sha ɗaya.